Tagullar da Aka Samu a Ƙirjin Inna

Na Allah ne mu duka, kuma gare Shi za a mayar da mu. Inna, mahaifiyar maigidana, ta cika da hantsin wata Talata a ɗakinta na kwano da ke unguwar Karantina a Jidda, kanta a kan cinyata. Shekara goma sha huɗu muka yi a gida ɗaya, ban taɓa jin ta ɗaga mini murya ba. Na so a ranar a bar ni in yi kukana kamar kowace suruka da ta rasa uwa. Ba a bar ni ba.

Kafin azahar gida ya cika. Abokan sana'arta, masu tuyar waina a bakin masaukin alhazai, suka zo da ƙamshin mai a jikinsu, ko hannu ba su tsaya wankewa ba. Wata makauniya da Inna ke aika wa koko kowace safiya ta zauna a bakin ƙofa tana ta maimaita, "To ni kuma wa ya rage mini?" Maza suka shimfiɗa tabarmi a waje, suna jiran a gama shirya ta a kai ta kafin la'asar.

Mai wankan gawa ta unguwarmu wata tsohuwa ce, Bahaushiyar Sudan. Ni ce na shiga zuba mata ruwa. Na san abin da ke ƙarƙashin rigar Inna, na kuma yi niyyar cire shi tun da safe, amma kuka ya mantar da ni. Tsohuwar na zare rigar ta ja da baya har ta ture buta.

"A'uzu billahi! Esh hada? Salib! Jama'a, gicciye a wuyan Hajiya!"

Abin bai fi babban yatsa tsawo ba. Tagulla ce mai siffar ƙwai, a tsakiyarta wata mace da lulluɓi tana riƙe da jariri, an rufe su da gilashi mai ɗan tudu. A kewaye akwai ƙananan duwatsun gilashi shuɗɗa, gurbi ɗaya babu komai a ciki. A samansa ɗan ƙaramin gicciye ne, ta nan aka zura igiya. Gumi ya mai da tagullar baƙa, ita kuma ta bar wa Inna koren tabo a tsakiyar ƙirji.

Mai wanka ta fita tana kakkaɓe hannu, ta ce ita kam ba za ta taɓa gawar nan ba. Daga tsakar gida na ji ƙarar silifa, mata na neman takalmansu. Wata ta ce, "Shi ya sa ba ta taɓa yarda a yi mata kitso a waje ba." Wata ta ce, "Kuma mun ci abincinta." Baffa, ƙanen marigayi mijinta, ya leƙo daga zaure yana ɗaga murya: "Na faɗa! Shekara nawa ina faɗa ba a ji!" Maigidana yana tsaye jikin bango.

Aka kira liman. Bai shigo ba, daga bakin labule ya tambaye ni.

"'Yata, tana salla?"

"Ko a ciwon nan da ishara take yi, Malam."

"Ta yi kalmar shahada?"

"A kunnena ta yi ta."

"To ƙarfe ne. Ku cire shi, ku wanke ta."

Ni da maƙwabciyarmu guda ɗaya muka wanke ta. Waɗanda suka bi makararta ba su kai rabin waɗanda suka zauna a tabarmi ba. Har yau akwai gidajen da idan aka ambaci Inna sai a sassauta murya. Saboda su na zauna rubuta wannan, don kada a manta da ita, kuma kada a tuna da ita a kan ƙarya.

Ni haifaffiyar Jidda ce, kakannina ne suka zo aikin hajji suka zauna. Inna kuwa da ƙafarta ta zo daga Damagaram. Lokacin da aka kawo ni gidanta amarya, abin da ya fara ba ni mamaki shi ne yadda take sana'a. Kowa na neman inda ciniki yake, ita tana neman inda baƙi suke. Da an ce jirgin ruwa ya iso daga Sudan, sai ta ɗauki tanda da ƙullu ta kafa murhu daidai ƙofar da alhazai ke fitowa, ko da rana na dukan wurin. Duk wanda ya tsugunna gabanta, kafin ta zuba masa waina sai ta tambaye shi, "Ɗana, ta wace hanya kuka biyo?" Idan ya ce ta Fort Lami, a ƙasar Cadi, sai ta ƙara masa biyu, ta bar na kan wuta su ƙone tana yi masa tambayoyi. Idan ya ce ta wata hanya, sai ta ce, "Halas, shi ke nan, wani jirgin na tafe." Wannan maganar ta zame mata baki. Ko gishiri ne ya ƙare a gida, sai ta ce wani jirgin na tafe.

Ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama. Ranar da aka ce masu kame sun shigo unguwa, takan shige bayan buhunan gero ta zauna, ba don tsoron a mayar da ita ba, a'a, don ta ji an ce jirgin da ake zuba waɗanda aka kama ba ya tambayar kowa inda yake son sauka.

Na ga abin wuyan ne a shekarata ta biyu, ranar da zazzaɓi ya kayar da ita ina shafa mata ruwa. Na tsorata ƙwarai. Ta riƙe hannuna da ƙarfin da ban san tana da shi ba.

"Zauna, 'yar nan. Kin gani, to sai ki ji."

Ta ce su biyar suka baro gida: ita, da mijinta, da ƙanensa Baffa, da ɗansu mai shekara takwas, wato maigidana, da wata yarinya 'yar shekara uku. Ban taɓa jin maigidana yana da ƙanwa ba sai ranar. A Fort Lami agana ta kama yarinyar, jikinta duk ya fashe. Mutanen ayari suka ce ba za su tafi da ita ba, za ta shafa wa sauran yara. Wani ya nuna musu gidan 'yan mishan, inda wasu matan Faransa masu farin lulluɓi ke jinyar marasa lafiya. Suka karɓe ta. Kwana shida ayari ya jira, ran na bakwai madugu ya ce gobe za a tashi, da su ko babu su. Mijinta ya ce, "Shekara ɗaya ce. Mu sauke farali, mu biyo mu ɗauke ta."

"Na kwanta a ƙofar ɗakin da take, na ce sai dai a taka ni," in ji Inna. "Sai babbar cikinsu ta fito, wata doguwa mai tabarau. Tana jin Larabci kaɗan. Ta sa hannu cikin rigarta ta ciro wannan daga wuyanta. Ta ce na kakarta ne, daga ƙasarsu ta zo da shi, ba ta da abin da ya fi shi. Ta ce, 'Ke ki riƙe nawa, ni in riƙe naki. Duk wanda ya kawo mini wannan, shi zan ba yarinya.' Na san ba abin addininmu ba ne. Amma 'yar nan, da wuta ta miƙo mini a ranar, da na karɓa."

Shekara ɗayar ta zama biyar tun ba su ga teku ba. Guzuri ya ƙare a Sudan, suka tsaya tsinkar auduga. Mijinta ya rasu a Sawakin suna jiran jirgi. Ta ƙetaro da ɗanta, ta yi hajji, ta samu kanta a Jidda babu miji, babu takarda, babu abin komawa.

Ta juya mini bayan tagullar. Akwai rubutun boko ƙanana a zagaye. "Kin ga wannan? Sunan matar ne da sunan gidansu. Ranar da na samu mai karanta Faransanci wanda zan amince da shi, magana ta ƙare." Ta sa na rantse ba zan faɗa wa kowa ba.

Amma Baffa ya sani, domin tare suka yi tafiyar. Shi ne ya tsaya wa gidan bayan rasuwar wansa, mutum ne mai tsoron Allah, mai zafin zuciya. Wata ranar Juma'a ya dawo daga masallaci ya tarar Inna ta sunkuya tana kwasar tuwo, abin ya zamo daga rigarta yana lilo a kan tukunya.

"Yaya, har yanzu? A ƙasar nan? Kin san abin da za a yi mana idan wani ya gani?"

"Ba bauta masa nake yi ba, Malam. Shaida ce."

"Shaidar me? Yarinyar nan in ta rayu, tasu ce. Sun yi mata wankansu, sun canja mata suna. Ki ɗauka ta mutu, ki huta, mu ma mu huta."

"Kai ka ɗauka. Ni ban ga gawa ba."

Ya kai hannu ya fizge. Igiyar ta tsinke, tagullar ta bugi dutsen niƙa, ɗaya daga cikin duwatsun gilashin ya fita ya faɗa cikin yashi. Ban taɓa ganin Inna a irin wannan halin ba. Ba ta zage shi ba, ba ta ko dube shi ba. Ta durƙusa ta shiga tone yashin tsakar gida da yatsu, tana cewa, "Za ta ce ba shi ba ne, za ta ce ba nata ba ne." Ta sa na kawo rariya. Tun daga azahar har rana ta faɗi muna tankaɗe ƙasa, tuwo ya huce a tukunya. Ba mu same shi ba. Baffa ya tsaya ya gaji, ya ajiye tagullar a kan tabarma ya fita. Ta ci gaba da aika masa abinci kullum kamar yadda ta saba, amma shekara biyu ba ta amsa gaisuwarsa ba.

Wasiƙu kam ta aika su babu iyaka. Wani mai rubutu a Balad, tsohon garin Jidda, yake rubuta mata da Larabci, ta ba duk alhajin da zai koma ta ƙasa. Ba a taɓa maido amsa ba. Wata shekara aka samu wani direban babbar mota, mutumin Fort Lami, dattijo mai gaskiya a fuska. Ya ce ya san gidajen mishan na garin, ta ba shi abin wuyan ya je ya nemo mata 'yarta. Kwana uku ba ta iya cin abinci ba tana shawara. A ƙarshe ta naɗe shi a tsumma ta ba shi. Washegari da safe muna cikin jiƙa shinkafa sai na ga ta miƙe tsaye.

"In ya mutu a hanya fa? Mijina ma ai dattijo ne."

Ta fita babu takalmi. Na bi ta a guje har tashar jirgin ruwa. An riga an fara shigar da mutane, ta riƙe ƙarfen shinge tana kiran, "Alhaji direba! Alhaji direba!" har muryarta ta dushe. Mutumin ya fito daga layi, ya miƙo mata tsumman ta tsakanin ƙarafa.

"Hajiya, ba tare da shi ba ba za su ba ni ko labari ba."

"Na sani."

"To ya za a yi?"

"Ban sani ba, ɗana. Ma'alesh. Ka yafe ni."

A hanyar dawowa ƙafafunta suka sale saboda zafin kwalta. Sati biyu ina shafa mata man shanu.

Abin da ya karya ta ya zo ne bayan wannan. Wani tsoho daga Nijar ya sauka a gidan maƙwabta, an ce ya yi wa Faransa soja, ya zauna a ƙasarsu. Inna ta yi kwanaki tana auna shi kafin ta sa maigidana ya kira shi zaure. Ta zauna bayan labule ta turo tagullar. Ya juya ta a tafin hannu, ya ce tsohon aiki ne, ya ga irinsa a wuyan tsofaffin matan ƙauyukansu, uwa ke bar wa 'ya.

"Karanta mini bayan, Alhaji. Sunan da wurin."

Ya matsa wajen haske ya karanta a hankali.

"Hajiya, babu suna a nan. Addu'arsu ce. Cewa aka yi, ya Maryamu, ki roƙa mana."

"Duba ƙasa."

"Shi ke nan abin da ke jiki. Duk irinsu haka ake rubutawa."

Shekara ashirin tana ɗauke da adireshi a ƙirjinta, ashe babu shi. Ta karɓa, ta yi masa godiya, ta tambaye shi ko ya ci abinci. Da ya fita ta shiga ɗaki, na ji tana buga goshinta a jikin kwanon bango, a hankali, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa. Washegari ta ɗauki tandarta ta koma bakin masauki.

Ba zan rufe bakin alherinta ba. Wata shekara bayan hajji, wata matashiya daga Katsina ta zo sayen koko tana kuka. Jaririnta na gudawa, likita ya ce ba zai jure teku ba, jirginsu kuma zai tashi jibi. Mijinta ya samu wata mata a unguwa da za ta riƙe yaron, a aiko da shi baɗi. Inna ta sauke tanda daga wuta da waina a kai, ta ce a kai ta wurin mijin. Ban taɓa ganin ta tsaya gaban namiji baƙo ba sai ranar.

"Kai tafi in tafiya ta kama ka. Ita da ɗanta suna ɗakina."

"Hajiya, shekara ɗaya ce kawai."

"Kada ka ƙara faɗin wannan maganar a gabana."

Ta bar musu gadonta, ita ta koma tabarma, wata goma sha ɗaya. Yaron ya warke, har ya fara tafiya a tsakar gidanmu. Da mijin ya dawo ɗaukarsu, Inna ta raka su har shinge, ta dawo ta kwanta yini guda.

Bayan sadakar bakwai Baffa ya zo ya ce a ba shi tagullar ya jefa a teku, a rufe maganar. Ya tsufa, muryarsa na rawa. Maigidana, wanda a tsawon zamanmu bai taɓa ambaton ƙanwarsa ba, ya ce a'a.

"Baffa, ina tuna ranar. Da muka juya, ta biyo mu har bakin katanga tana kira na. Ni ta kira, ba Inna ba. Na toshe kunnena. Kullum ina cewa sai na samu iƙama, da na samu na ce sai kafilina, Balaraben da nake wa aiki, ya ba ni hutu, da ya ba ni na ce Inna ba za ta saki abin ba. Tsoro nake ji kawai, kada in je in tarar da kabari in rasa abin da zan faɗa mata."

Baffa ya sunkuyar da kai.

Bayan wata bakwai maigidana ya hau jirgin sama. An canja wa garin suna, ana ce masa Njamena. Gidan mishan na uku da ya shiga, wani tsohon kuku ya ga tagullar ya kama baki. Doguwar mai tabarau ta daɗe da komawa ƙasarsu, can ta mutu. Amma yarinyar ta rayu. Tana aikin ungozoma a wani ƙaramin asibiti a kudu, tana da miji da 'ya'ya uku, Kirista ce. Kwana goma sha ɗaya kacal ya yi kafin ya tsaya a gabanta. Duk lokacin da ya ba ni labarin nan, a kan kwanakin yake tsayawa ya kasa ci gaba.

Ya ce da ta fito daga ɗakin haihuwa tana goge hannu, tafiyar Inna ya gani, sai dai fuskar duk zanen agana. Ba ta jin Hausa ko kalma ɗaya, da Larabci suka yi magana. Ya ajiye mata tagullar a kan tebur. Ta daɗe tana kallo ba ta taɓa ba. Ta ce matar da ta rene ta takan kai ta bakin hanya duk shekara lokacin dawowar alhazai, su tsaya su duba. Da ta kai shekara goma aka ce mata mai yiwuwa iyayenta sun mutu a hanya, ta daina zuwa.

"Yaushe ta rasu?"

"Wata bakwai ke nan."

"Wata bakwai," ta ce. Ta zauna a kan benci.

Ya ba ta labarin tanda da jiragen ruwa da shinge. Ba ta yi kuka ba. Da ya gama sai ta ce akwai abin da take so ta tambaya tun tana ƙarama, babu wanda ya sani a gidan mishan, domin an rubuta shi a takarda takardar ta ɓace.

"Mene ne sunana?"

Ya faɗa mata. Ta maimaita, harshenta ya kasa, ya gyara mata, ta sake. Ta zaro biro daga aljihun rigarta ta rubuta a tafin hannunta, ta dunƙule. Daga ciki aka kira ta, wata mata na naƙuda, ta tashi ta shiga da hannun a dunƙule.

Wannan ita ce Inna, kuma wannan shi ne abin da aka samu a ƙirjinta. Wanda ya juya baya ranar jana'izarta, ƙofar addu'a ba ta rufe masa ba. Ya Allah, Ka san abin da ta ɗauka, Ka san dalilinta. Ka yafe mata, Ka yalwata mata makwanci, Ka hutar da ita daga jira.